Yara Nawa Malami Ɗaya Zai Iya Riƙewa?

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, sannunku da zuwa.

A ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda galibinsu masu hannu da shuni ne, ajin firamare yakan ɗauki yara wajen 21 idan aka yi lissafin tsaka-tsaki. Japan da Birtaniya sun haura 25, Chile kuwa tana wajen 30. Sai dai ku yi hattara da irin wannan lissafi. Ajin ƙauye mai yara 10 da na birni mai 50, in ka haɗa ka raba biyu 30 za ka samu, alhali babu malamin da ke da 30 a gabansa.

Shi ya sa na fi duba inda kowace ƙasa ta zaɓi ta rage cunkoso. A 1985, jihar Tennessee ta Amurka ta fara wani gwaji: wasu yara aka sa su azuzuwa masu 13 zuwa 17, wasu masu 22 zuwa 25, tun daga rabin aji har aji uku. Na ƙananan azuzuwan sun fi iya karatu da lissafi, kuma 'ya'yan talakawa ne suka fi cin moriya. Ingila ta hana a wuce 30 a ajin 'yan shekara 5 zuwa 7. Faransa, a 2017, ta fara raba aji ɗaya na firamare gida biyu a unguwannin marasa galihu, yara wajen 12 a kowane. Duk a kan ƙananan yara suka mai da hankali.

Mu a Najeriya, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya, yara 35 a firamare. To, na shiga wani aji ɗaya, wallahi ban samu inda zan sa ƙafa ba. Yara a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, wasu a bakin taga. Kafin malama ta gama kiran suna, lokaci ya ja. Wata yarinya a can baya ta riƙe littafinta a kife, ba wanda ya lura, don malamar ba ta da hanyar isa wurinta. Abin ya tsaya mini a rai.

Don haka, hedimastoci, ina roƙonku: in an turo muku sabon malami, kada ku ajiye shi a aji shida saboda jarrabawa. Ku raba 'yan aji ɗaya gida biyu, ku ba shi rabi, ko da a gindin bishiya ne.