Laccar girka i3 a tsohuwar kwamfuta

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abu huɗu za mu taɓa a kan i3, manhajar da ke jera tagogi a fuskar kwamfuta, kowace da gurbinta, babu mai hawa kan wata. Michael Stapelberg ne ya rubuta ta da harshen C, ta fito a 2009, a kan X11 take aiki, wato tsarin da ke zana tagogi a allon Linux. Mai Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X11, ya nemi Sway, tsarinsu kusan ɗaya ne.

Na farko, girkawa. A Debian ko Ubuntu ka rubuta sudo apt install i3, zai jawo i3status mai nuna bayanai a layin ƙasa, da i3lock mai kulle allo, da dmenu da ake buɗe manhajoji da shi. Ka fita daga asusunka, a shafin shiga ka zaɓi i3. In babu shafin shiga, ka sa exec i3 a ƙarshen fayil ɗin ~/.xinitrc, ka buga startx. Shi ke nan.

Na biyu, shigar farko. Za ta tambaye ka maɓallin da zai zama jagora, Win ko Alt. Ku ɗauki Win, don Allah ku ɗauki Win, manhajoji da yawa sun riga sun kama Alt. Daga nan sai ka ga baƙin allo da siririn layi a ƙasa. Ba lalacewa ta yi ba, kada a ruga wurin mai gyara! Win da Enter na buɗe tasha, wato terminal, inda ake rubuta umarni, Win da d na kiran dmenu, Win da Shift da q na rufe taga. Win da lamba, 1 ko 2 ko 3, na kai ka wani filin aikin.

To yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. Fayil ɗin saiti yana ~/.config/i3/config, a ciki akwai kalmomi biyu masu tayar da manhaja, exec da exec_always. Exec sau ɗaya yake aiki, lokacin da ka shiga. Sau ɗaya tak. Sai mutum ya ƙara layi, ya danna Win da Shift da c, ya ga shiru, ya ce i3 ta ƙi. Ba ta ƙi ba. Shift da c sake karanta fayil ne kawai. Shift da r shi ke sake tayar da i3 ba tare da tagoginka sun rufe ba, kuma ko a nan exec ba ya motsi, exec_always ne ke tashi.

Sai wani ya ce to bari in mayar da komai exec_always in huta. A'a! Abin da ke gama aikinsa ya fita, kamar feh mai shimfiɗa hoton bango, babu laifi. Amma wanda ke zama yana gudana, kamar polybar mai nuna layin bayanai a allo, duk danna r sai wani sabo ya hau kan na da, kamar fasinjojin Adaidaita Sahu. Shi ya sa ake rubuta masa ɗan fayil da zai fara da killall polybar kafin ya tayar da shi. Na maimaita: mai fita, exec_always. Mai zama, exec, ko ka kashe na farko tukuna. Kuma ku riƙa sa --no-startup-id, in ba haka ba kibiyar linzami za ta yi ta nuna alamar jira har daƙiƙa 60. Kafin ka sake tayarwa, buga i3 -C, zai nuna maka layin da ke da kuskure.

Na uku… ko na huɗu muke? Wi-Fi dai: exec --no-startup-id nm-applet. Batir kuwa, da yake wutar NEPA sai a hankali, ku tabbata battery all na cikin saitin i3status. Tazara tsakanin tagogi ta shigo i3 tun siga ta 4.22, ba sai an nemi i3-gaps ba, reshen i3 da a da ake girkawa don wannan.

Na'am, malama? Tana tambaya yadda za a rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Tambaya mai kyau. Akwai tsarin Hausa a cikin X: setxkbmap -layout us,ng -variant ,hausa -option grp:alt_shift_toggle. Ki lura da waƙafin da ke gaban hausa, yana nufin us ba shi da wani sauyi. Alt da Shift ne za su riƙa sauya miki tsari. Da kin ɗauki Alt a matsayin jagora, duk sanda kika zo rufe taga sai rubutunki ya juye. Ki sa layin a exec_always, tunda setxkbmap mai fita ne.