Shugaban Aikin Sa-kai da Rabon Lokacinsa

(An rubuto wannan lacca daga naɗin muryar wani zama da shugabannin ƙungiyoyin taimakon kai da kai suka yi a cikin birnin Kano.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malamai, Allah ya gafarta. Hajiyoyi na can baya, kuna jina? To madalla.

Duk wanda ke zaune a nan ba albashi ya kawo shi ba. Wani rumfarsa ya bar wa yaro a Kantin Kwari, wani daga aji ya taso, wani a-daidaita-sahunsa yana jingine a bakin ƙofa, kuma balas na jiransa da daddare. Lokacin da kuke ba ƙungiya daga bakin iyalanku kuke yago shi, don haka bai kamata a yi almubazzaranci da shi ba.

Malamanmu sun raba wajibi gida biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ba mai ɗauke maka, kamar sallarka biyar. Akwai ta kifaya, wadda idan wasu suka yi, sauran sun huta, kamar sallar gawa. Ciwon da nake gani a jikin shugabanninmu shi ne sun kwashi ayyukan kifaya sun ɗora wa kansu su kaɗai. Mara lafiya za a kai Asibitin Murtala, sai shugaba. Takarda za a miƙa sakatariyar ƙaramar hukuma, sai shugaba. Maƙwabta sun yi cacar baki a kan kwata, a kira shugaba. Har hayar kujeru da rumfa shi ne. Ƙungiya mai mutum arba'in, talatin da tara suna kallo, ɗaya yana haki daga Kurna zuwa Hotoro cikin cunkoso. Kuma mu faɗi gaskiya, wani lokaci shi ne ba ya son sakin aikin, saboda daɗin a ce ba abin da ke tafiya sai da shi.

Alhali abin da yake nasa shi kaɗai bai da yawa. Shi zai tara mutane su tsayar da abin da za a sa a gaba bana. Shi zai zauna da mai unguwa ko dagaci in an zo maganar izini. Shi zai sa ido a kan littafin kuɗi tare da ma'aji. Shi zai raini wanda zai gaje shi. Waɗannan ba sa buga waya, ba sa sallama a ƙofar gida da asuba, shi ya sa kullum su ake ɗagewa.

Ku dubi magudanan ruwa. Kowa a garin nan ya san damina tana kankama wajen watan Yuni, ruwa mai ƙarfi kuma a Agusta yake. Ke nan lokacin yashe kwatoci Afrilu ne da Mayu, sa'ad da lakar ta bushe, shebur yana ɗauka, baro yana tafiya. Amma a Afrilu ba wanda yake kuka da kwata, sai a shagala da wasu abubuwa. Ranar da ruwa ya shiga gidaje, katangar ƙasa ta zube, ranar za ka ga an fito ana neman gudummawa cikin taɓo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, da safe an tsayar da zirga-zirga, matasa suna gida. Ƙungiyar da ta ɗaura aikinta a kan Asabar ɗin Afrilu da ta Mayu ta sami ma'aikata kyauta.

Haka masu ciyarwar azumi. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma zuwa sha ɗaya, don haka azumi yana matsowa duk shekara. Wanda ya jira ganin watan Sha'aban kafin ya fara yawo da takardar neman taimako, zai tarar attajirai sun riga sun rarraba abin da suka ware, gero kuma ya hau. Mai lura kuwa, lokacin kaka yake zuwa kasuwar Dawanau ya sayi buhunansa ya ajiye. Masu gyaran maƙabarta su ma sun san lokacinsu na cike kaburburan da suka rufta da sare ciyawa. Don haka ina roƙon kowace ƙungiya ta zauna sau ɗaya a farkon shekara, da kalanda biyu a gabanta, ta zaɓi aiki biyu ko uku. Na huɗu ya jira baɗi.

Sai taro. "Bayan La'asar" ba lokaci ba ne, jama'a. Wani ƙarfe huɗu ya ji, wani shida saura. A faɗi ƙarfe nawa, a fara da waɗanda suka zo. Ni na fi son zama tsakanin Magariba da Isha'i, domin ladan zai tashe ku ko kun gama ko ba ku gama ba, kuma mai dogon bayani ya san da haka. Sanarwa kuwa ba ta bukatar taro, a tura ta WhatsApp. Wanda ya fara jefa hotunan siyasa a zauren, sakatare ya yi masa magana.

Akwai kuma "in sha Allahu" ɗin da muke fakewa da ita. An roƙe ka abu, ka san ba za ka iya ba, kunya ta hana ka faɗa, sai ka jingina da sunan Allah ka tafi. Mutumin ya zauna jiranka mako biyu, bai nemi wani ba. Ka cuce shi fiye da wanda ya ce masa a'a. Cewa za ka yi: "Yaya, wannan ba zan samu dama ba, amma ga wane, shi ke riƙe da wannan ɓangaren." Ka kuwa tabbata akwai wanen, kuma ka ba shi iko na gaske, ba ya je ya yanke magana kai ka zo ka warware ba.

Hajiyoyi, naku ya fi namu nauyi. Ga girki, ga yara, ga biki da suna da gaisuwar mutuwa waɗanda in ba a gan ki ba sai an yi ƙorafi. A raba zuwan: wannan makon wance da wance su wakilci ƙungiya, na gaba wasu. A cikin Bukhari, Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata shi. Ibada ce fa ta shagaltar da Abu Darda'i aka yi masa wannan magana, balle taron ƙungiya. Shugaban da ya biya wa marayun unguwa kuɗin jarrabawa, nasa ɗan an koro shi bai ma sani ba, akwai gyara a lissafinsa.

Alhaji na can ya daɗe da ɗaga hannu. A miƙa masa lasifika. Bismillah, ranka ya daɗe.