Amsoshin Tambayoyinku: Fagge, Masaukin Baƙi a Bayan Badala

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi. Ya ce duk zuwansa Kano sarin kaya a Fagge yake sauka, amma yana jin Kanawa na cewa Fagge ba cikin birni ba ce, shin yaya abin yake?

To Alhaji, gaskiyarsu. Birni shi ne abin da badala ta kewaye, Fagge kuwa tana bayanta, da ka fito ta Ƙofar Wambai ko Ƙofar Mata ka doshi Sabon Gari. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauke ta sabuwar unguwa. Tarihin baka yana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A nan ayarin Buzaye daga Agadas da ƙasar Abzin ke yada zango, su sauke gishirin Bilma da dabino, raƙuma su huta, su kuma su shiga Kasuwar Kurmi su sayi rini da ƙirgi da hatsi. Ka ga ke nan saukar mutumin Nijar a Fagge hanya ce da kakanninku suka share tun da daɗewa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya fara karkata daga hanyar Sahara zuwa bakin teku. Turawa suka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata 'yan Kudu, Kwarori kuma, wato 'yan Siriya da Labanan, suka kafa kantunansu ta wajen Fagge ta Kudu. Fagge ta zauna a tsakiya, tana ma'amala da kowa. Ni a ganina daga nan Bafagge ya samo halinsa: ba ya ƙyamar baƙo, yana da saurin fahimtar ciniki, ga iya magana.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Kumasi, wadda ke son sanin dangantakar Kantin Kwari da Wapa.

Hajiya, maƙwabta ne, kuma ɗaya na ciyar da ɗaya. Kwari kasuwar yadi ce da Kwarori suka fara, daga baya Hausawan da suka yi musu yaran kanti suka karɓi ragamarta. Ki shiga da hantsi ki ga 'yan dako ɗauke da dilolin atamfa da shadda suna "hanya, hanya", mai saye daga Injamena na taya leshi da Larabcin Shuwa. Wapa kuwa ta samo sunanta daga kamfanin jigilar alhazai da ya zauna a wurin. Maniyyata na buƙatar Riyal, 'yan canji suka taru, har yau kuma a nan baƙo ke mayar da Sefarsa ko Sidinsa Naira kafin ya shiga Kwari.

Abin da ke damuna shi ne yadda kasuwa ke cinye unguwar. Ana rushe tsofaffin gidaje masu zaure, irin waɗanda fatake ke sauka, ana tayar da benaye na shaguna da ɗakunan ajiya, iyalai da yawa kuma sun sayar sun koma bayan gari. Ya kamata hukuma da dattawan Fagge su ware ko da kaɗan ne daga cikin gidajen nan su adana, tun magina ba su kai gare su ba.