Aikin gayya a cikin kwamfuta: daren da gwajina da manhajar oTree ya yi nasara

Assalamu alaikum jama'a. Ƙarfe ɗaya saura na dare a nan Nottingham, tun la'asar ake yayyafi, amma murna ta hana ni barci. Gwajin tattalin arziki nake yi ta intanet. Mutum huɗu ne, ba su san juna ba, ni ma ban san su ba, kowa yana ɗakinsa, kuma yanzun nan suka gama wasan da na haɗa da hannuna.

Ga yadda wasan yake. Kowa an ba shi maki 20. Akwai asusu na kowa da kowa, ka zuba abin da ka ga dama, sauran ka riƙe. Abin da ya taru a ninka shi sau 1.6 a raba daidai. In duka huɗun suka juye nasu, 80 ta zama 128, kowa ya tashi da 32. Amma in uku suka zuba, ɗaya ya noƙe, su ukun 24 za su samu, shi kuwa ci-ma-zaune ya tafi da 44. Ranar da malaminmu ya fara bayanin nan a aji, sai na ce a raina, ai wannan gayya ce! A ƙauyenmu in an kira gayyar noma, akwai mai zuwa da fartanya tun hantsi, akwai wanda ba ya bayyana sai an kawo fura. Kakana bai taɓa zama a aji ba, amma ya san wannan lissafin ciki da waje, kuma ina alfahari da hakan.

Manhajar da na yi aiki da ita oTree ce, kyauta take, da Python, wani yaren rubuta manhaja, aka gina ta. Kafin ita, z-Tree ta Urs Fischbacher ce ta yi tashe, sai dai ita an fi saninta da ɗakin gwaji, a tara ɗalibai gaban kwamfutoci. oTree kuwa mahaɗi kawai za ka tura, mutum ya buɗe ko a wayarsa. Tana ma zuwa da wasanni na misali, har da wannan na asusu. Na saka ta, na buɗe shafi huɗu a kwamfutata, na zama mutum huɗu ni kaɗai, cikin yini guda abu ya tashi.

Mutanen kuwa ta Prolific na samo su, dandalin intanet da masu bincike ke samun masu shiga gwaji a kansa, wanda aka kafa a Oxford a 2014. Mafi ƙarancin abin da za ka biya fam 6 ne a awa, ban da ladan dandalin, ban da makin da za ka mayar musu kuɗi. Kada ma ku juya shi zuwa naira.

To ga inda nake so ku saurare ni. Shekaranjiya, a gwajina na farko, mutum ɗaya ya fice ana tsakiyar wasa. Sauran ukun suka maƙale a shafin jira, ina kallonsu, minti goma ba motsi, har suka watse. Abin ya yi min ciwo, don mutane sun ba ni lokacinsu, dole na biya su, ban samu ko layi ɗaya na bayanai ba. Don Allah ɗan'uwa, ka sa wa kowane shafi wa'adi, kuma ka sa manhajar ta haɗa rukuni daga waɗanda suka riga suka iso. Kada ka sa mutum ko ɗaya a gwaji sai kwamitin ɗa'a na jami'arka ya sa hannu. Kuma masana tattalin arziki ba su yarda a yaudari mai shiga gwaji ba. In ka ce da mutane yake wasa, to mutanen ne.

Wasan zagaye-zagaye ake buga shi. Mutanen daren nan sun fara da zuba kusan rabi, zuwa zagaye na goma hannu ya yi sanyi. Haka dama aka saba gani. Masana tattalin arziki Ernst Fehr da Simon Gächter sun nuna a 2000 cewa in aka ba mutane damar hukunta mai noƙewa, ko da kuwa hukuncin zai ci musu nasu makin, zubi yakan tashi. A gida hukuncin shi ne ranar taka gayyar ka ga gona wayam.

Damar hukuncin nan zan ƙara a wasan gobe in Allah ya kai mu, da rukuni biyar. Burina wata rana in fassara shafukan nan zuwa Hausa, in ga masu adashi a Kasuwar Kurmi sun buga. Bari in je in ɗumama miyar kukar da ta rage, tun rana ban sa komai a bakina ba.