Yadda Indiya ke ƙara dogaro da iskar gas: daga wani gidan mai a Delhi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a Delhi nake, ku dubi layin da ke bayana. Adaidaita sahun nan masu launin kore da ruwan ɗorawa, iskar gas ta CNG, wato gas ɗin da aka matse don motoci, suke sha. Kun ga fasinjoji sun sauko sun tsaya gefe? Ƙa'ida ce, ba a ɗura wa mota gas da mutum a ciki.

Abin ya samo asali ne a 1998, lokacin da hayaƙin dizal ya addabi garin, Kotun Ƙoli ta ce motocin haya su koma gas. An sha rigima da yajin aiki, amma zuwa ƙarshen 2002 bas-bas ɗin birnin duk sun koma. Kamfanin Indraprastha Gas ne ke shayar da su, yana kuma ja wa gidaje bututu har ɗakin girki, a biya da mita.

Duk da haka, gas bai wuce kashi 6 cikin ɗari na makamashin ƙasar ba, kwal ne ke riƙe da fiye da rabi. Gwamnati na son kai shi kashi 15 nan da 2030. Ni dai ina ganin da wuya, domin kusan rabin gas ɗin sayo shi suke yi, mafi yawa daga Ƙatar, jiragen ruwa su sauke a tashoshi irin Dahej ta Gujarat. Da farashi ya hau a 2022, direbobin nan sun ji a jikinsu. Masana'antun takin zamani ma da gas ɗin suke aiki.

To ga abin da ke ci mini rai. Har daga Najeriya jirage ke kawo musu gas. Mu da Allah ya ba arzikin, muna ƙona wani a banza a Neja Delta, ɗan adaidaita a Kano kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 yake fama da kuɗin fetur. Bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, shi muke jira. Don Allah, mutanen Kano da Kaduna, ku faɗa mini, gidajen CNG nawa ke aiki a unguwanninku yanzu?