Allon laptop ya yi baƙi? Kada ku yi saurin sayar da ita

Salamu alaikum jama'a. Saƙonninku daga Garwa da Marwa kwanan nan duk kuka ɗaya ne: an kunna laptop, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, mai gyara ya ce babban allon ciki, carte mère, ya ƙone. Sai mutum ya sayar da ita a wulaƙance. Wannan abu yana damuna, domin sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Ga irin wannan laptop ɗin a gabana. Na danna Caps Lock, maɓallin manyan haruffa, 'yar fitilarsa ta kama. Na sake dannawa, ta mutu. Alama ce cikinta na aiki, hoto ne kawai bai fito ba.

Yanzu ga wayar HDMI mai ɗaukar hoto, mun haɗa laptop ɗin da talabijin, mun danna maɓallin Windows da P. Kun gani? Hoto ya fito. To carte mère ɗin da ta ƙone ba za ta ba ku wannan ba.

Nan ne mutane ke kuskure, ku natsu. Ku kashe wutar ɗaki, ku haska tocilar waya dab da gilashin, a karkace. In kun hango rubutu dishi-dishi, hasken bayan allon ne ya ɗauke. In kuma kuna ɗaga murfin a hankali hoto na zuwa yana tafiya, siririyar wayar da ta bi ta gwiwar murfin ce ta gaji da lanƙwasa. Wannan waya ta fi allo arha nesa ba kusa ba. Ko allon za a canza, a cire a karanta lambar da ke bayansa, don masu inci 15.6 akwai mai haƙora 30 a mahaɗin wayarsa, akwai mai 40, ba sa shiga gurbin juna.

Talabijin ma bai nuna komai ba? A cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, a zare RAM, 'yar farantin ƙwaƙwalwar aiki, a goge haƙoranta da magogin fensir, a mayar.

Sauran matsaloli a gurguje. Batir ya kumbura har ya ɗaga kibod: a cire yau, wuta yake kamawa. Tana mutuwa da kanta a zafin Maris da Afrilu: ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, a share, a sa sabon man sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Faifan ajiya na ƙas-ƙas: ku kwashe kayanku, ku sa SSD, sabon nau'in ma'ajiya marar faifai mai juyawa. Duk waɗannan sun cancanci kuɗinsu.

In dai carte mère ɗin ce da gaske, ku yi lissafi. A ganina, gyaran da ya haura rabin kuɗin irinta ta hannu, a haƙura. Ku duba shekarunta ma: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga furosesar Intel zubi na 8 (8th generation) take farawa. Mai zubi na 4 ko na 5, ku zare faifai da RAM, ku tara sefarku ta sayen wata.