Fodkas: Gem ɗin buga-kai-kaɗai zai mutu ne?

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa, Nura ne, ga Zainab ga Sadiq kamar kullum. Maganar yau Sadiq ne ya tayar da ita tun jiya a waya, wai gem ɗin da mutum ke bugawa shi kaɗai, mai labari, ka fara ka bi shi har ka ga ƙarshensa, kwanansa ya kusa ƙarewa. Sadiq maimaita a gaban jama'a.

Sadiq: Yaya Nura ban ce ya mutu ba fa, cewa na yi ina jin tsoro kuma wallahi da gaske nake. Ka duba duk wanda ka sani mai buga gem, me yake buɗewa in ya dawo gida? Fortnite, Call of Duty, PUBG, Free Fire, ko ƙwallo onlayin. Kuma kamfanoni ba makafi ba ne, suna ganin inda kuɗi yake zuba. Gem mai labari sau ɗaya za ka sayar wa mutum shi ke nan kun rabu, amma na onlayin yau ka sayar masa da rigar da ɗan gem ɗinsa zai sa, gobe bindiga mai kala, jibi sabon zango ya shigo ya sake biya, haka har shekara goma.

Zainab: Wannan lissafin gaskiya ne.

Sadiq: To kin gani. Ki tuna 2017, a watan Satumba Fortnite ya fito da tsarin nan na mutum ɗari a tsibiri ɗaya, a watan Oktoba kamfanin gem na EA ta rufe situdiyonta Visceral Games, masu Dead Space, alhali suna tsakiyar haɗa gem ɗin Star Wars mai labari. Sannan abin da ya fi ci min rai shine GTA. GTA IV an yi masa ƙarin labari har guda biyu, amma GTA V da ya fito a 2013 ya sayar da sama da kwafi miliyan 200, ƙarin labari ko ɗaya bai samu ba, duk ƙarfin aka juya shi kan GTA Online. In ba wannan ba ce alama to mece ce alama?

Zainab: Na ji ka, amma ka tsaya a 2017 kamar agogo ya tsaya a nan. Ita EA ɗin dai, shekara biyu bayan nan a 2019 ta fitar da Star Wars Jedi: Fallen Order, kai kaɗai kake bugawa, babu onlayin ko kaɗan, kuma ya haura kwafi miliyan 10 har aka yi masa na biyu. A 2022 Elden Ring ya fito ya ɗauke kyautar gem ɗin shekara, ya wuce miliyan 25. A 2023 gem ɗin da ya fi kowanne ciniki a Amurka Hogwarts Legacy ne, ya sha gaban Call of Duty, abin da aka daɗe ba a gani ba. Black Myth: Wukong daga China, Agustan 2024, kwafi miliyan 10 cikin kwana uku kacal. Abin da ke mutuwa ba ya irin wannan cinikin Sadiq.

Sadiq: Amma Elden Ring ai yana da onlayin, za ki iya kiran wani ya taya ki faɗa, Baldur's Gate 3 ma ana bugawa da abokai.

Zainab: Eh ana yi, amma ni ma'aunina ɗaya ne, in na cire intanet zan iya bugawa daga farko har ƙarshe ba tare da na rasa komai na labarin ba? In eh ne to nawa ne. Ƙofar da aka bari a buɗe don aboki ya shigo ba ta mayar da ɗakina kasuwa ba.

Nura: Bari in shigo nan, don ni a ganina ku biyun kuna ta maganar kuɗi alhali abin da ake rigima a kansa lokaci ne. Rana awa 24 ce ga kowa. Gem ɗin onlayin ba kuɗinka kawai yake so ba, so yake ka zo kullum, ya ba ka aikin yau, aikin sati, in ka yi fashi wani abu ya wuce ka. To mutum nawa zai iya riƙe irin wannan guda uku? Yawanci ɗaya ne, in ya yi yawa biyu. Kuma wanda ya shekara biyar a Fortnite, abokansa suna can, kayan da ya saya suna can, me za ka ba shi ya taso? Kujerun sarautar nan kaɗan ne kuma an riga an zauna a kansu. Shi ya sa kamfanonin da suka ruga can da gudu da yawansu suka dawo da ciwo.

Zainab: Concord.

Nura: Concord kam, gem ɗin harbi na onlayin. Sony ta fitar da shi 23 ga Agustan 2024, ranar 6 ga Satumba aka kashe shi, sati biyu, aka mayar wa mutane kuɗinsu, daga baya situdiyon da ya yi shi, Firewalk, shi ma aka rufe. Shekaru mutane suna aiki a kai fa, ni abin tausayi yake ba ni ba dariya ba. Sannan Rocksteady, waɗanda suka yi Batman Arkham, gwanayen gem mai labari, aka sa su yin Suicide Squad na onlayin, Warner Bros da bakinta ta ce asarar ta kai dala miliyan 200. BioWare masu Mass Effect suka yi Anthem na onlayin a 2019 bai tsaya da ƙafarsa ba. Arkane na Austin da suka yi Prey suka yi Redfall na onlayin a 2023, shekara ɗaya bayan nan aka rufe su. Kullum labarin ɗaya ne, a ɗauko maƙeri a ce ya yi saƙa.

Sadiq: Amma Yaya kar mu yi kamar duk faɗuwa suke, Helldivers 2 fa? Shi ma Sony ce ta fitar a 2024 kuma miliyan 12 ya sayar cikin sati 12.

Nura: Ƙwarai, kuma gem ne mai daɗi, ban musa ba. Irinsa ne ma ke sa sauran su ci gaba da gwadawa, don in ɗaya ya kama zai biya asarar biyar. Amma ka lura da abin da Naughty Dog suka yi a Disambar 2023, sun daɗe suna haɗa The Last of Us na onlayin sai suka soke shi da kansu, suka ce in suka fitar da shi dole duk ma'aikatansu su koma yi masa hidima shekara da shekaru, ba za su ƙara samun damar yin gem mai labari ba, sai suka zaɓi labari. Ranar da na karanta wannan sanarwar hankalina ya kwanta sosai.

Zainab: Ni kuma nan ne nawa tsoron yake, ba inda Sadiq ya nuna ba. Ba onlayin ne zai kashe gem mai labari ba, tsadarsa ce za ta iya shaƙe shi. Takardun da suka fito lokacin shari'ar Microsoft da hukumar kasuwanci ta Amurka a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kusan miliyan 212. Spider-Man 2 kuma wajen miliyan 300. Kuma kowanne sai an shekara huɗu, biyar, shida ana yi. To in ka zuba irin wannan kuɗin ba za ka yarda ka gwada sabon abu ba, sai dai kashi na biyu, kashi na uku, ko a ɗauko tsohon gem a sake masa fenti. A zamanin PlayStation 2 situdiyo ɗaya sai ya fitar da gem uku a kan na'ura ɗaya, GTA III da Vice City da San Andreas duk tsakanin 2001 da 2004 suka fito, yanzu kuwa yaron da aka haifa shekarar da GTA V ya fito ya shiga sakandare ana ta jiran na shida.

Sadiq: Kuma ko ka yi mai kyau ba ka tsira ba. Tango Gameworks sun yi Hi-Fi Rush, kowa ya yaba, ya ci kyaututtuka, amma a Mayun 2024 Microsoft ta rufe su, sai da Krafton masu PUBG suka zo suka ɗauke su.

Zainab: Wannan ya taɓa ni wallahi. Shi ya sa ni idona ba ya kan manyan nan yanzu, yana kan matsakaita da ƙanana. Clair Obscur: Expedition 33, wani ƙaramin situdiyo ne a Faransa, Sandfall, ainihin ma'aikatansu mutum talatin da wani abu ne duk da sun ba wasu aiki a waje, gem ɗinsu na farko kenan, ya fito Afrilun 2025 kuma shi ya ɗauki gem ɗin shekara. Hollow Knight: Silksong mutum uku ne a Ostireliya, ranar da ya fito sai da Steam, shagon sayen gem na intanet, ya riƙa sarƙewa saboda cunkoson masu saye. Stardew Valley mutum ɗaya ne ya yi shi, Eric Barone, zane da kiɗa da rubutu duk shi, ya wuce kwafi miliyan 40. Waɗannan ba sa buƙatar rabin duniya ta saya kafin su mayar da kuɗinsu, don haka suna da 'yancin yin abin da ransu yake so, kuma ana jin hakan a cikin gem ɗin.

Nura: Zainab ke me ya sa kika fi karkata can? Don na san da kina buga na harbi onlayin sosai.

Zainab: Ina yi da, Yaya. Abu biyu ne suka janye ni. Na farko da zarar na buɗe makirfo aka ji muryar mace sai wasa ya canza, wani zagi, wani maganar banza, wani ya bar faɗan ya dawo kaina, sai na koma bugawa shiru, to in shiru zan yi me ya kai ni cikin mutane? Na biyu rayuwa ce ta canza, ga aiki ga yara, wani lokacin minti ashirin kawai nake da shi kuma a cikin minti ashirin ɗin ma za a kira ni sau biyu. Gem mai labari in na tsayar da shi yana nan yana jirana, ko bayan wata na dawo ba wanda ya wuce ni, ba wanda na ba kunya don na fita ana tsakiyar wasa. Kuma akwai wani abu da ban san yadda zan faɗe shi daidai ba, in ka gama labari mai kyau sunayen waɗanda suka yi shi suna hawa a allo, kana zaune shiru kamar ka yi sallama da wani da kuka yi doguwar tafiya tare. Ban taɓa jin wannan a onlayin ba don shi ba a gina shi ya ƙare ba.

Sadiq: Ni kuma bari in kare nawa ɓangaren, don kar a ɗauka kuɗi kawai ake tatsa a can. Abokaina na makaranta duk mun watse, kowa da inda rayuwa ta kai shi, in ba don gem ɗin da muke haɗuwa a ciki duk daren Asabar ba wallahi da zumuncin ya yanke. Rabin lokacin ma ba wasan muke ba, hira muke, wane ya samu aiki, wane matarsa ta haihu, wane babansa ba lafiya. Gem mai labari ba zai ba ni wannan ba komai kyansa.

Nura: Ba wanda zai raina wannan Sadiq. Abin da ni dai nake so mutane su riƙa tunawa shine na onlayin aro ne, ranar da kamfani ya kashe saba, wato kwamfutar da ke riƙe da gem ɗin a intanet, shi ke nan. The Crew na Ubisoft ya fito 2014, mutane sun saya da kuɗinsu, ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabar, har wanda yake tuƙa motarsa shi kaɗai bai ƙara iya buɗe shi ba. Daga nan wani ɗan YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe gem ɗin da mutane suka saya, a Tarayyar Turai suka tara sa hannu sama da miliyan 1 a 2025. Ni kuwa ina da faifan gem da na saya sama da shekara goma sha biyar, kwanan nan na sa shi ya tashi lafiya lau, har inda na tsaya yana nan. Shi ya sa abin da ya fi ɓata min rai yanzu shine gem na mutum ɗaya da za a ce dole sai da intanet zai buɗe, wannan an ɗauko ciwon can an kawo shi nan ne ba gaira ba dalili.

Sadiq: To saura tambaya ɗaya da har yanzu ba ku amsa min ba. Mu mun taso da labari ne shi ya sa muke kewarsa. Yaran yanzu fa? Ɗan yayata shekararsa tara, Roblox da Minecraft kawai ya sani, a wajensa gem waje ne da ake haɗuwa da abokai. Na ba shi wani mai labari, minti goma ya tambaye ni ina sauran mutanen. In waɗannan suka girma su ne masu saye, wa zai sayi irin namu?

Zainab: Ka bar shi ya kai shekara talatin tukuna, ranar da abokan nan kowa ya kama gabansa, haɗa mutum huɗu a lokaci ɗaya ya zama aiki. Ni ina kyautata zaton zai nemo shi da kansa. Amma ban da tabbas, kuma tambayarka tana da nauyi, zan so in ji daga bakin iyaye da yayyen da ke sauraronmu, yaranku suna zama su bi labari har ƙarshe ko sai da abokai?

Nura: Ku turo mana amsa, za mu karanta a shiri na gaba. Sadiq kai kuma ka sake gwada yaron nan, amma wannan karon ka zauna kusa da shi, ku riƙa karɓa-karɓa da kwantirola ɗaya.

Sadiq: Zan gwada ranar Asabar kafin abokaina su hau, in Allah ya yarda zan kawo muku rahoto.

Nura: Allah ya kai mu. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.